Ranar da Na Ce Ban Taɓa Yin Kuskure Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Abuja lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutanen da ke kanta, Ya haɗa ka da masauki na kirki. Babanka yana gaishe ka. Mu nan Funtua lafiya lau muke, sai damina da ta zauna.

Tun da motarku ta fita tasha da safen nan na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau biyu. Na ɗora miya na manta ban sa gishiri ba. Na zagaya bayan gida na tsaya ina kallon masara kamar jiya ban gan ta ba. Har babanka ya gaji, ya ce, "Asabe, in akwai maganar da ba ki yi wa yaron nan ba, ki yi masa mana. Kin hana kanki sakat, kin hana ni."

Akwai kuwa. Amma ka san kai ne ɗan fari, bakina ba ya iya doguwar magana a gabanka, haka na taso na ga ana yi. Yatsuna ne ba su da wannan kunyar. Shi ya sa na ɗauko tsohuwar kwamfutarka da ka bari a kan tebur, na zauna ina buga maka wannan, in na gama in tura maka ta waya. Ka karanta kafin ranar Alhamis, don Allah, ko da a gurguje ne.

Shekaranjiya da la'asar ina tankaɗe a bakin madafa, na jiyo ka a zaure kana gwaji kai kaɗai da wayarka. Ka riga ka gaya mana cewa jarrabawar rubuta manhaja ka ci ta tun daga nan gida, abin da ya rage shi ne zaman da masu ɗaukar aikin za su yi da kai ido da ido ranar Alhamis, su tambaye ka yadda kake aiki da mutane da yadda kake yi in abu ya lalace. Turancina ya tsufa, amma bai mutu ba. Na ji ka tambayi kanka, "Ba mu labarin wani kuskure da ka taɓa yi a wurin aiki." Sannan na ji ka gyara murya ka ce kai babban aibinka shi ne son aiki ya fita ba tabo, har kakan manta da cin abinci. Ka maimaita sau uku, kowanne ya fi na baya santsi.

Na ajiye rariya. Na san wannan amsar. 'Yar uwarta na bayar kafin a haife ka da shekara biyu, kuma har yau ban gama jin nauyinta ba.

Na sha gaya muku na yi aiki a kamfanin auduga, amma ban taɓa gaya muku yadda na rasa aikin da na fi so ba. Lokacin ina buga tafireta a ofishin manaja, wani dattijo mai suna Alhaji Lawal, mutum mai ƙarancin magana da yawan lura. Mu biyu ne masu bugawa, ni da Rifkatu, 'yar wani fasto daga wajen Malumfashi. Na fi ta sauri nesa ba kusa ba, kowa ya sani, ita ma ta sani. Ina iya buga shafi ina hira ban kalli madannai ba.

Wata shekara, gab da shuka, aka ba ni wasiƙa in buga wa shugabannin manoma na Mahuta da Dayi, su zo su karɓi irin auduga ranar sha biyu ga wata. Rubutun hannun Alhaji a fili yake. Ni kuwa ina sauri, na juya lambobin, na buga ashirin da ɗaya. Aka sa hannu ba a duba ba, aka ba masinjanmu, Baba Isiyaku, ya kai. Ranar sha biyu ta zo, iri yana jibge a sito, ba wanda ya zo. Sai bayan kwana tara manoma suka iso, ruwa ya riga ya zauna, wasu ma sun gaji da jira sun shuka dawa a gonakin da suka ware wa auduga. Waɗanda suka shuka a makare, audugarsu ba ta yi kyau ba a shekarar.

Alhaji Lawal ya zaci masinja ne ya riƙe takardun bai kai da wuri ba. Ya kira Baba Isiyaku a gaban kowa ya yi masa faɗa, mutumin da a shekaru ya yi jika da ni, sannan ya cire shi daga kai saƙo ya mayar da shi gadi a bakin ƙofa. Ina zaune a bayan tafireta ina ji. Tun da safiyar ranar na buɗe fayil na ga kwafin kabon, na ga ashirin da ɗaya da harufan sunana a ƙasa. Na rufe fayil ɗin na mayar. Na ce a raina gobe zan faɗa. Goben ta yi wata huɗu.

Sai ga labari cewa kamfani zai kawo kwamfuta, za a zaɓi mutum ɗaya a tura shi Kaduna koyo, in ya dawo shi zai riƙe sashen. Abba, ban taɓa son wani abu a wurin aiki kamar yadda na so wannan ba. Na ɗinka sabuwar atamfa. Na haddace amsoshi a gaban madubi, kamar yadda na ji kana yi a zaure.

Mutum uku ne a kwamitin, Alhaji a tsakiya. Aka gwada saurin hannuna, na wuce. Aka tambaye ni tsarin ajiye takardu, na amsa. Sai Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Malama Asabe, wannan na'urar da za a kawo, an ce in ka ba ta kuskure ɗaya sai ta hayayyafa maka shi. Ba mu labarin wani kuskure da kika taɓa yi a ofishin nan, da yadda kika yi da shi."

Na yi murmushi na ce, "Ranka ya daɗe, cikin ikon Allah, shekara biyar ina nan ban taɓa yin kuskuren da ya kai a ambata ba. Ni mutum ce mai duba aikina sau biyu."

 Ya buɗe fayil ɗin da ke gabansa, ya zaro wata siririyar takarda ya turo mini ta kan tebur. Kwafin kabon ne. Ashe a makon nan, da yake bin ayyukanmu ni da Rifkatu don ya auna mu, ya ci karo da ita.

Ya ce, "Ba lambar da kika juya ce ta dame ni ba. Ni ma na sa hannu ban duba ba, nawa laifin yana nan. Na yi miki tambayar nan ne don in ba ki ƙofa. Da kin shigo ta cikinta, da ke zan tura."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Abin da na tuna shi ne sabuwar atamfar tana ta ƙara a jikina, kowa yana ji.

Rifkatu aka tura. Washegari muna cin abinci a gindin bishiyar bedi na kasa haƙuri na ce, "Ke me kika ce musu da suka yi miki tambayar kuskure?" Ta ce, "Na gaya musu ranar da na cusa takardun wani ƙauye cikin fayil ɗin wani, muka yi kwana biyu muna nema. Na ce ni na gano, ni na je na gaya wa Alhaji da bakina, kuma tun ranar kowane ƙauye na ɗaura wa fayil ɗinsa zare mai launi dabam." Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan fa, Asabe. Me kuma zan ce?"

Da aka tashi aiki na tsaya a bakin ƙofa wurin Baba Isiyaku, na durƙusa. Kafin in gama magana ya ce, "Tashi, 'yata. Na sani tun ranar. Ban iya karatu ba, amma na san ranar da na kai takarda." Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce, "Ina jira ne ki faɗa da kanki." An mayar da shi kan aikinsa, amma wata huɗun nan da ya yi a rana yana buɗe wa motoci ƙofa, ba wanda ya mayar masa da su.

To ka ji, Abba. In suka ce ka ba su labarin kuskurenka, kada ka kawo musu yabo ka sa masa rigar aibi. Mutanen da ke zaune a wancan gefen tebur sun ji wannan amsar har sun gaji. Ba mutumin da ba ya kuskure suke nema ba, sun san babu shi, su ma ba shi ba ne. Suna so ne su san ranar da manhajarka ta lalata wa mutane aiki, shin za su ji daga bakinka, ko sai sun tono da kansu, wani kuma yana can yana shan faɗa a madadinka. Ka zaɓi kuskure na gaske, wanda ya taɓa wani. Ka faɗi yadda abin yake, da abin da ke wuyanka a ciki, da abin da ka yi da hannunka, da yadda aka ƙare, da abin da ka canza daga ranar. In ka kai nan ka yi shiru. Kada ka yi ta zagaye kana wanke kanka.

Na tashi na duba waya yanzu, ba ka kira ba. Na san hanya ce, kuma na san ba ko'ina ake samun sabis ba. Bari in ci gaba.

Da na yi hankali daga wannan, da da sauƙi. Amma ni irin mutanen nan ce da in sun faɗi ta dama sai su tashi su faɗi ta hagu. Kana da shekara huɗu aka buɗe wani shirin tallafa wa manoma a Malumfashi, suna neman mai kula da bayanansu a kwamfuta. Lokacin Rifkatu ta koya mini na'urar a lokutan hutun rana, ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah Ya saka mata. Na hau mota na tafi, na ce wannan karon ba abin da zan ɓoye.

Wata mata a cikin kwamitin ta ce, "Ba mu labarin lokacin da kika saɓa da shugabanki a kan aiki." Abba, sai na kwance buhu. Na ce Alhaji Lawal ba ya jin shawara. Na ce ya tozarta ni a gaban mutane. Na ce shi ma yana sa hannu bai karanta ba. Na kawo maganar hutun da ya hana ni, da kujerar da ya ƙi canza mini. Ina magana ina jin daɗi, a zatona gaskiya nake zubawa, ga shi kuwa an ce gaskiya ake so. Ashe haushin shekara shida nake amayarwa a kan teburin baƙi.

Matar ta rufe bironta a hankali ta ce, "Malama Asabe, mun ji abin da Alhajin ya yi. A duk labarin nan ba mu ji abin da ke kika yi ba." Ban yi komai ba kuwa. Domin gaskiyar ita ce ban taɓa zuwa na same shi na ce, ranka ya daɗe, ga yadda nake gani ba. A bayan idonsa nake ƙorafi, a gabansa in ce to.

A motar dawowa, tun daga Malumfashi har Funtua, ina kallon gonaki ina tambayar kaina, in ni ce su, zan ɗauki matar da gobe za ta je wani wuri ta kwance ni haka?

Na kawo wannan ne saboda na san zuciyarka a kan mutumin nan da ka yi shekara biyu kana rubuta wa manhaja a nan gari. Na san kun rabu ba daɗi, na ga yadda fuskarka ke canzawa in an ambace shi. Za su tambaye ka, ko kai tsaye ko ta bayan gida. Kada ka ce ba ku taɓa saɓawa ba, ƙarya ce. Kada kuma ka yanka shi a gabansu. Ka ɗauki saɓani ɗaya da kuka yi a kan aiki, ba a kan hali ba. Ka faɗi abin da shi yake gani, ka faɗe shi da adalci yadda ko yana wurin zai gyaɗa kai. Sannan ka faɗi naka, da yadda ka same shi ka gaya masa, da abin da aka yanke. In ra'ayinsa aka bi kuma ka yi aikin da zuciya ɗaya, ka faɗa, ba faɗuwa ba ce. In daga baya ya tabbata shi ne da gaskiya, wannan ma ka faɗa. Ba za ka ragu ba.

Daga baya, abin mamaki, Alhaji Lawal da kansa ya sa ni in riƙa zama ina rubuta bayanin zama duk lokacin da kamfani zai ɗauki ma'aikata. Ban san dalilinsa ba, ban kuma tambaya ba. Shekaru na yi a ƙarshen tebur da biro, ba mai kallona, ni ina kallon kowa. A nan na ga wata cuta tamu da ni ma nake da ita.

Mu mutanen nan ba mu iya cewa "ni" ba. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai rashin kunya ne. Za a tambayi mutum abin da ya yi, ya ce mun yi kaza, muka gyara kaza, aka samu nasara. Kwamiti ya ce, to kai me ka yi a ciki? Ya sunkuyar da kai ya ce, ai duk tare muka yi. In ya fita sai ka ji ana cewa, wannan da alama ɗan rakiya ne. Ni kuma wani lokacin na san mutumin, na san shi ya ɗauki aikin a kansa.

Ni ma haka na yi. Tsarin da kamfani ya yi shekaru yana bi wajen jera bayanan manoma, ƙauye ƙauye, damina damina, ni na zauna na fitar da shi bayan abin da ya faru, don kada ranar wani ta sake shiga ta wani. Da manya suka zo daga hedikwata suka tambayi wanda ya tsara, na ce, "Mu ne a ofis." Aka rubuta ofis. Ba wanda ya zalunce ni, ni na share sunana da hannuna.

Kai kuma ka fi ni wannan halin. Ko abinci ka dafa sai ka ce an dafa. Ka ji ni da kyau: inda jama'a suka yi, ka ce mun yi, ka ambaci wanda ya taimake ka, wannan mutunci ne kuma suna lura da shi. Amma inda kai ka yi, ka ce na yi. Ni na gano, ni na rubuta, ni na kira taro. Ba alfahari ba ne in gaskiya ne, shaida ce. Kai za su ɗauka, ba ku ba.

Wani abu kuma da na gani daga ƙarshen teburin nan: shiru na ɗan lokaci ba ya kashe mutum. Waɗanda suka haddace amsa su ne ke fara magana tun ba a rufe baki ba, kuma da an ɗan karkata tambayar sai su ɓace. Akwai wata mata da ba na mantawa, aka yi mata tambaya ta ce, "Ku ba ni ɗan lokaci in tuna." Ta yi shiru har na ɗaga kai daga rubutu. Sannan ta ce, "Irin wannan daidai bai taɓa faruwa da ni ba, amma ga wanda ya fi kusa." Ita aka ɗauka. In ba ka da labarin abin da suka tambaya, kada ka ƙirƙira. Za su bi ka da me ya faru bayan nan, wa ya ce me, kuma labarin ƙarya ba ya jure tambaya ta uku.

Hadari ya haɗo, na je na kwashe shanya na dawo. Na yi ta zagaye ne, Abba, ina jin tsoron abin da ya rage. Shi ne ainihin abin da ya hana ni zama.

Kana da shekara tara ka kwance rediyon babanka don ka ga masu maganar da ke ciki. Ka kasa mayarwa. Ba wanda ya gan ka. Kai da kanka ka tattaro kayan a cikin faranti ka kawo mini madafa, ka ce, "Inna, na ɓata rediyo, amma na san inda kowane ƙarfe yake, wannan ne kawai ya karye." Ni kuwa na dawo daga aiki a gajiye, na ɗauki muciya. Na dake ka dukan da har yau ban manta ba. Babanka da ya dawo ya ce, "Yaron da ya kawo kansa kika yi wa haka?" Na ce gobe ba zai ƙara ba.

Ba ka ƙara ba kuwa. Ba ka daina kwance abubuwa ba, kawo mini ne ka daina. Daga ranar, in kofi ya fashe sai dai in ga babu shi. In jarrabawa ta ba ka wuya sai in ji a bakin malami. Ni da na san abin da ɓoye kuskure ya jawo mini, ni ce na koya wa ɗana ɓoyewa da muciya. Da na ji ka a zaure kana gyara murya kana ba da amsar nan mai santsi, ba intanet na zarga ba. Na ji muryata ce a bakinka. Ka yafe mini. Ban taɓa iya faɗa ba, ga shi na rubuta.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba ka san na sani ba.

Wata biyu da suka wuce na je suna a unguwar su gwaggonka. Aka zaunar da ni kusa da wata mata daga Dayi mai suna Hanne. Da ta ji ana kirana da Innar Abba mai kwamfuta, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce kika haifi yaron nan mai saƙon waya?" Na ce ni ce, lafiya?

Ta ce bara, manhajar da ka yi wa ƙungiyar manoma, mai tura musu shawara ta waya, ta aika wa masu masara saƙon da aka rubuta don masu waken suya. Saƙon ya ce a fesa wani maganin ciyawa, shi kuwa maganin ba ya bambance ciyawa da masara. Mijinta, Malam Haruna, ya yarda da saƙon domin bai taɓa ba shi shawarar banza ba. Ya fesa wa gefe ɗaya na gonarsa da safe, ya ce gobe zai ƙarasa.

Ta ce da azahar sai ga wani saurayi a kan babur, jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, yana tambayar gidajen 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ka riga ka tura saƙon gyara, amma ka ce ba ka yarda kowa zai karanta kafin ya ɗauki injin feshi ba. Da ka iso gonarsu ka ga inda aka fesa, sai ka cire hula ka ce, "Baba, ba waya ce ta yi ba, ba ƙungiya ba ce. Ni na haɗa sunayen ba daidai ba, ni ne." Malam Haruna ya yi faɗa har maƙwabta suka fito, ka tsaya ka ji duka, ba ka matsa ba. Ta ce bayan mako guda, da masarar gefen ta ƙone, ka dawo da fartanya kuka shuka wake a wurin tare da shi. Kuma ka gaya masa cewa daga yanzu manhajar ba za ta saki saƙo ba sai malamin gona ya karanta ya ga sunayen waɗanda za a tura wa ya amince. Ta ce, "Har yau mijina in saƙo ya shigo sai ya ce, karanto mini na yaron nan, shi in ya yi kuskure da ƙafarsa yake zuwa."

Na tuna ranar, Abba. Ka dawo da yamma ka ce mini babur ne ya zame da kai a hanya. Na ɗora maka ruwan zafi, ban tambayi komai ba.

A gidan sunan nan na ja mayafi na rufe fuska, mata suka zaci hayaƙin girki ne. Wata biyu ina ɗauke da maganar nan, kullum in ce yau zan yi maka, in ka shigo sai in tambaye ka ko ka ci abinci.

To ga amsarka, tana hannunka tun bara, kana neman wata a waya. Abin da na kasa yi a gaban mutum uku cikin inuwa, kai ka yi shi a tsakiyar gona a gaban mai gona yana huci. Ka ɓoye mini ne kawai, don ni na koya maka cewa ba a kawo mini irin wannan. Kada ka ɓoye musu. Ranar Alhamis in suka ce ka ba su labarin kuskurenka, ka ajiye maganar manta cin abinci. Ka ce musu, akwai wani manomi a Dayi. Ka faɗe shi yadda ya faru, da sunayen da ka haɗa ba daidai ba, da babur ɗin, da masarar da ta ƙone ba ta dawo ba, da abin da ka gyara. Kada ka ƙara masa gishiri, kada ka rage masa ɗaci.

Ban ce lallai za su ɗauke ka ba. Wannan na Allah ne, kuma wataƙila akwai wanda ya fi ka iya aikin. In suka ji labarin nan suka ƙi ka saboda shi, to ba wurin zamanka ba ne, ka dawo gida da kanka a sama.

Ruwa ya sauko, wuta kuma na iya ɗaukewa kowane lokaci, bari in tura kafin na'urar ta mutu. Ka ci abinci kafin ka shiga. Ka isa da wuri. Ka gaishe da mai gadi kamar yadda za ka gaishe da manaja. Ka yi addu'arka a bakin ƙofa, sannan ka shiga da bismillah.

Allah Ya tsare mini kai a garin da ba ka san kowa ba. Allah Ya buɗe ƙirjinka, Ya warware harshenka, Ya sa gaskiya ta yi maka sauƙin faɗa. Allah Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya yi maka albarka, amin.

In ka fito, ka kira ni kafin ka kira kowa. Ba sai ka gaya mini abin da suka ce ba. Abin da kai ka ce nake so in ji, kuma wannan karon zan saurara har ƙarshe.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna Asabe
Funtua